Yadda ake buga kalmomin walat ɗin kirifto a kan washa

Duk wanda ya buɗe walat irin su Trust Wallet ko MetaMask, ko ya sayi na'urar ajiya irin su Trezor da Ledger, an jero masa kalmomin Turanci 12 ko 24 aka ce ya rubuta ya adana. Kalmomin nan su ne kuɗin. In waya ta faɗa ruwa ko aka sace ta, da su za a maido da komai a wata wayar, kuma duk wanda ya gan su ya mallaki abin da ke ciki ba tare da ya taɓa wayarka ba. Yawancin mutane a takarda suke rubutawa su cusa cikin littafi ko ƙasan akwati. Takarda kuwa abincin gara ce da ɓera, tawada tana narkewa in ruwa ya taɓa ta, kuma zafin wajen digiri 230 a ma'aunin Salshiyas ya isa ya kama ta da wuta. Wanda ya ga yadda ruwa ya kwana cikin gidaje a Maiduguri a watan Satumban 2024, bayan madatsar Alau ta ɓalle, ba sai an yi masa bayanin abin da ke samun takarda ba.

Akwai faranta na ƙarfe da kamfanoni ke sayarwa don wannan aiki, amma suna da tsada, kuma odar su daga waje tana barin sunanka da adireshinka a rajistar wani a matsayin mai kirifto. Hanyar washa, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya da ake zura wa bol, ta fi sauƙi. Kalma ɗaya a kan washa ɗaya, da lambarta a gefe, a jera su a jikin bol, a ɗaure da noti. Abin da zai fito bai fi tsawon yatsa ba, kuma wanda ya gan shi cikin akwatin kayan aiki zai ɗauka tarkacen makaniki ne. Masu harkar Bitcoin sun san wannan tsari da sunan Safu Ninja.

Abu ɗaya kafin a sayi ko da washa guda. Idan ka taɓa ɗaukar hoton kalmominka, ko ka tura wa kanka su ta WhatsApp, ko ka ajiye su a imel, to kada ka wahalar da kanka da buga su a ƙarfe. Buɗe sabon walat, ka mayar da kuɗin can, sannan ka buga sababbin kalmomin. Ƙarfe yana maganin wuta da ruwa da gara ne kawai. Shi kuma wanda kuɗinsa ke zaune a asusun kasuwar musaya irin Binance, ba shi da kalmomin da zai buga, domin makullin yana hannun kamfanin.

Ƙarfen da za a saya

A nan ake yawan faɗuwa tun kafin a ɗaga guduma, domin washa iri-iri ce kuma a ido kusan duk ɗaya suke. Gobarar gida takan kai digiri 600 zuwa 800, wani lokaci ta haura 1,000 inda akwai mai ko kaya masu cin wuta. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, saboda haka ya fita, duk da daɗin bugawa da yake da shi. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900 da ɗoriya, ta yi kusa da iyaka. Washar da ta cika kasuwa, mai ƙyallin nan fari ko ruwan ɗorawa, baƙin ƙarfe ce da aka yi wa rufin tutiya. Tutiya tana narkewa a digiri 420, sannan duk inda ka buga harafi ka fasa rufin, daidai cikin ramin harafin tsatsa za ta fara ci. Bayan damina biyu ko uku a wuri mai laima, E ta koma F, ko ta ɓace ɗungurungum.

Abin nema shi ne sitenles, ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304 ko 316. Dukansu sai zafi ya kai wajen digiri 1,400 suke narkewa. A kan bol ba za ka ga waɗannan lambobi ba, abin da ake bugawa a kansa shi ne A2 ko A4, misali A2-70 ko A4-80. A2 ita ce 304, A4 ita ce 316. Ta biyun tana da sinadarin molibdinam da ke sa ta jure gishiri da laima, ita ce ta dace da wanda zai binne a ƙasa ko mazaunin bakin teku kamar Legas da Akara. Don ajiyar cikin ɗaki A2 ta wadatar.

Ita washa ba a cika buga mata shaida ba, don haka ka tafi kasuwa da mayen ƙarfe a aljihu. Washar baƙin ƙarfe za ta manne masa ƙam. Ta 304 ko 316 ba ta mannewa, ko kuma ka ji ɗan ja kaɗan wanda bai isa ya ɗaga ta ba, saboda matsar da ta sha a injin da ya yanke ta. Wannan gwaji yana fitar da baƙin ƙarfe, amma ba ya kama sitenles mai araha lamba 201, wanda shi ma ba ya bin mayen ƙarfe kuma ya fi saurin tsatsa. Maganinsa shi ne ka sayi guda biyu tukuna, ka karce su da magagari, ka naɗe cikin tsumman da ka jiƙa da ruwan gishiri, ka bar su mako guda. Wadda ta fito da jan tabo, ka canza shago. A Kano ana neman irin waɗannan kaya a Ƙofar Ruwa, a Kaduna kuma Panteka, kuma masu sayar da kayan famfo da na haɗa sola sun fi ajiye na sitenles. Bol da noti da washa duk su zama ƙarfe iri ɗaya. Idan ka haɗa washar sitenles da bol na baƙin ƙarfe, laima za ta sa bol ɗin ya ci kansa da sauri fiye da yadda zai yi shi kaɗai.

Sai girma. Washar M8, wato ta bol mai kaurin milimita 8, ta yau da kullum faɗinta milimita 16 ne, bakinta siriri, harafi ba ya zama a kai. Wadda ake so ita ce mai faɗin baki, wadda a takardar kaya ake rubuta wa DIN 9021: raminta milimita 8.4, faɗinta 24, kaurinta 2. Wato daga bakin rami zuwa gefe akwai fili na kusan milimita 8, kuma in ka zagaya ta tsakiyar filin za ka sami wajen milimita 50, wurin harufa goma sha biyu masu girman milimita 3. Ta M10 mai faɗin 30 da kaurin 2.5 ta fi yalwa ga wanda hannunsa bai saba ba, sai dai ta fi nauyi. Ta M6 mai faɗin 18 ta matse, kuma kaurinta na 1.6 yana lanƙwashewa a ƙarƙashin guduma.

Ga lissafin kaya na kalmomi 24 a M8. Washa 24 na kalmomi, biyu marasa rubutu da za su rufe sama da ƙasa, ɗaya ta bayani da za a zo kanta, sai aƙalla goma sha biyar na koyo da na kuskure. Ka sayi 50 ka huta. Washa 27 sun tashi milimita 54, noti yana cin wajen 6.5, don haka bol mai tsawon milimita 70 ya yi. Mai kalmomi 12 bol na 45 ko 50 ya ishe shi. Ka zaɓi wanda zarensa ya kai har wuya, domin mai rabin zare zai iya ƙarewa kafin noti ya matse washar, su riƙa kaɗawa. Noti na talaka, guda biyu in akwai wuri, da sifana lamba 13 guda biyu. Notin nan mai zoben roba a ciki ba shi da amfani a nan, robar ce za ta fara narkewa.

Hatimai da guduma da abin ɗorawa

Hatiman ƙarfe su ne irin waɗanda ake buga lambar inji da su. Akwatin yakan zo da guda 36: harufa 26, da alamar &, da lambobi tara. Lambobin tara ne saboda hatimin 6 shi ne na 9 in an juya shi. Ka nemi na milimita 3. Na 4 da 5 suna da kyan gani, amma ƙarfin bugun yana bazuwa a faɗin harafin, sai ya fito sama-sama a kan sitenles. Ka tabbata an rubuta cewa na buga ƙarfe ne mai tauri, wanda taurinsa ya kai HRC 58 zuwa sama. Na masu aikin fata da na maƙeran azurfa bakinsu yana mutuwa kafin a gama washa goma.

Guduma mai nauyin kilo ɗaya, mai gajeren ƙota da faffaɗan baki, ta fi ta kafinta. Nauyin ne ke aikin, ba ƙarfin dantse ba. Abin ɗorawa kuma lalle ya zama ƙarfe mai kauri, shafaffe: uwar maƙera, ko guntun farantin ƙarfe mai kaurin santimita biyu zuwa sama, ko bakin wata babbar guduma da aka kwantar. A ajiye shi a kan siminti. Tebur na katako yana shanye bugun, hatimi ya yi tsalle, harafi ya fito biyu. Tayil kuwa fashewa zai yi.

Sai abin riƙe washar. Wani mai suna Blockmit a intanet ya fitar da zanen wani ɗan akwatin roba da ake bugawa da injin 3D, wanda ke riƙe washar M8 ya kuma saita hatimi a tsaye. In an samu, madalla. In ba a samu ba, salatif mai ƙarfi a gefe biyu yana riƙe washa a jikin ƙarfen, hatimin kuma a kama shi da filaya mai kullewa don a tsira da yatsu. A sa tabarau. Ƙarfe mai tauri yana ɓantarewa, kuma ɓarɓashinsa ido yake nema.

Me za a buga a kan kowace washa

Kalmomin yawancin walat daga jeri ɗaya suke fitowa, wanda ake kira BIP39, da aka fitar a 2013. Kalmomi 2,048 ne, ta farko abandon, ta ƙarshe zoo, mafi gajarta harufa uku, mafi tsawo takwas. An tsara jerin Turancin yadda babu kalmomi biyu da suka yi tarayya a harufa huɗu na farko. Saboda haka harufa huɗu sun isa: ABAN ba za ta zama komai ba sai abandon. Da lamba mai harafi biyu, kowace washa bugu shida ke nan, kalmomi 24 bugu 144, kalmomi 12 bugu 72.

Akwai masu cewa a buga kalmar gaba ɗaya, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. In harafi ɗaya ya lalace a cikin huɗu, saura uku ba lalle su fitar da kai ba. Dubi wide, wife, wine, wire da wise, dukansu suna cikin jerin, harafi na uku kaɗai ya raba su, kuma irin waɗannan ba su da wani harafi na biyar da zai cece ka. Amma a dogayen kalmomi, ragowar harufan shaida ce ta ƙari, kuma magajin da bai san dokar harufa huɗu ba zai fi gane cikakkiyar kalma. Ra'ayin da ya fi dacewa: mai kalmomi 12 ya buga su cikakku, aikin bai taka kara ya karya ba. Mai 24 zai iya tsayawa a huɗu, domin gajiya ita ce uwar kuskure, kuma hannun da ya yi bugu ɗari biyu ba ya saiti kamar na farko.

Kalmomi masu harufa uku suna da tarko. Act kalma ce, action ma kalma ce, haka actor da actual. Add tana nan, address tana nan. Wanda ya ga ACT a washa zai iya zaton harafi na huɗu ne bai fito ba. Ka buga alamar & a bayan duk kalma mai harufa uku, ta zama shaidar cewa nan ta ƙare.

Kada a fassara kalmomin zuwa Hausa, kada a rubuta su da ajami, kada a sauya su da wata dabara da kai kaɗai ka sani. Babu jerin Hausa a BIP39, kuma dabarar da ka ƙirƙira yau kai ne farkon wanda za ta kulle bayan shekara biyar. Wasu suna buga lambar kalmar a jerin maimakon harufanta, daga 0001 zuwa 2048. Yana aiki, amma wasu manhajoji daga sifili suke fara ƙirga, sai kowace kalma ta goce da ɗaya, kuma lamba ɗaya in ta lalace babu ma'anar da za ta taimaka a gano ta. Harufa sun fi.

Dokar harufa huɗu ba ta kowane walat ba ce kai tsaye. Kuɗin kirifto na Monero yana da kalmomi 25 daga wani jeri dabam mai kalmomi 1,626. Sababbin na'urorin Trezor sukan ba da kalmomi 20 na tsarin SLIP39, daga jeri mai 1,024. Manhajar walat ta Electrum tana amfani da kalmomin da suka yi kama da na BIP39 amma lissafinta dabam ne, ba kowane walat zai karɓe su ba. Wannan ne amfanin washar bayani: a buga mata 00, da sunan walat ɗin ko tsarin, misali BIP39 ko ELEC, da shekarar. In ba ka son sunan ya tona abin da ke ciki, ka bar bayanin a wasiyya, amma kada ya zama babu shi ko'ina.

Lambar da ke gefen kowace washa kuwa ba a wasa da ita. Ranar da aka kwance noti washa suka zube ƙasa, lambar ce kaɗai za ta mayar da su layi. Kalmomi 12 da suka hargitse ana iya jera su ta hanyoyi 479,001,600, wanda kwamfuta za ta iya lalubewa in an sami wanda ya iya, shi kuma wanda ya iya ɗin sai ka ba shi kalmominka. Na 24 hanyoyinsu sun wuce abin da za a lalube. A buga lamba da harafi biyu koyaushe, 01, 02, har 24. Sifilin gaba yana raba gardamar 6 da 9, domin 06 in an juya ta 90 take zama, kuma babu washa ta 90.

Bugun kansa

Ka zaɓi lokacin da kake kai kaɗai, ka rufe ƙofa da taga, waya da kwamfuta su kwana a wani ɗaki. Aikin yana da ƙara, maƙwabta za su ji, ka tanadi amsar da za ka ba mai tambaya. Ba a kai wannan aiki wurin maƙeri, ba a kai shi shagon masu zane da injin leza, ba a kiran yaro ya riƙe maka. Duk wanda ya karanta washa a jere ya gama da kai.

Fara da koyo a kan washa biyar ko shida, da kalmomin banza, ba naka ba. Washa tana da fuska biyu: ɗaya gefenta a ɗan zagaye, ɗaya kuma gefenta da kaifi inda injin ya yanke. Kwantar da ita yadda ba ta rawa, ka buga a fuska ɗaya a dukansu. Goge maiƙon da ke kanta da fetur ko sabulu. Da alƙalamin maka mai siririn baki ka rubuta lambar da harufan a daidai inda za su zauna, ka duba da takardarka, sannan ka bi rubutun da hatimi. Wannan ɗan mataki shi ke hana tsallake harafi.

Harafin da ke bakin hatimi a juye yake kamar a madubi, ido yana ruɗewa. Kafin ka fara, gwada kowane hatimi a kan kwali, ka sa ɗigon fenti ko salatif a gefen da zai riƙa fuskantarka. N in ta kwanta Z ce, M in ta kifa W ce, U in ta karkata ta zama C. Bayan kowane bugu ka mayar da hatimi gurbinsa a akwati, kada su taru a ƙasa. Kuma ka sa ƙafar harufa ta riƙa kallon ramin washar a dukansu, kana juya washar kana bugawa, don kada wata ta karantu daga ciki wata daga waje.

Tsayar da hatimi cak, ka danna shi har ka ji ya zauna, ka sauke guduma sau ɗaya da nauyinta. Sau ɗaya. Sitenles yana ƙara tauri a inda aka buge shi, saboda haka bugu na biyu ba ya shiga kamar na farko, kuma in hatimin ya gusa ko da kaɗan ne sai harafi ya fito da inuwa. In dole sai an ƙara, kada ka ɗaga hatimin, ko kuma ka mayar da shi a hankali har ka ji ya faɗa cikin ramin farko. Harufa masu yawan layi irin su M, W, B da R suna son bugu mai nauyi. I da L da lamba 1 kuwa kaɗan ya ishe su, in ka sake musu ƙarfi sai su lotsa washar. Ma'aunin zurfi shi ne farce: in ka ja shi a kan harafin ya maƙale, ya yi. Bar aƙalla milimita ɗaya tsakanin harafi da gefen washa, domin na bakin gefe yana tura ƙarfen waje ya fito rabi. Bar fili mai faɗi tsakanin lamba da kalma, don kada 1 ta zama I ko sifili ya zama O.

Harafin da ya fito rabi shi ne mugun abu, fiye da wanda bai fito ba sam. Hatimin da ya karkata yakan bar ƙafar E a baya ta zama F, ko ya mayar da R ta koma P, Q ta koma O, G ta koma C. Duk washar da ka tsaya kana tantama a kanta yau, da hasken rana da kalmar a gabanka, ba za ta karantu ba bayan ta sha wuta. Ka sake wata. Kada ka buga daidai a kan kuskure.

Washa takan ɗan kumbura ta zama kamar faifai bayan bugu. Kifa ta a kan ƙarfen, ka ɗora wata washa marar rubutu a bayanta, ka ɗan daddaka har ta kwanta. Ka lura da wannan ta saman da ma fuskar abin ɗorawar, wani lokaci inuwar harufa tana fita a jikinsu. Waɗanda suka lalace da waɗanda suka ɗauki inuwa, a goge rubutun da magagari ko dutsen washi har ya ɓace kafin a zubar, haka salatif ɗin da ya ɗauki sawun harafi a ƙone shi. Kalma ɗaya da lambarta ba za ta buɗe walat ba, amma babu dalilin barin ta a bola.

Gwaji, daga ƙarfen ba daga takarda ba

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne. Kifa takardar, ka hargitsa washar, ka jera su da lambobinsu kaɗai, ka karanta abin da ke jikinsu kamar ba ka taɓa ganin kalmomin ba. Sannan ka gwada su a na'ura. Trezor tana da hanyar duba ajiyar kalmomi ba tare da goge komai ba, Ledger tana da manhajar Recovery Check da ake sakawa a cikin na'urar. Mai walat na waya zai iya maido da shi a wata wayar da ya amince da ita, da manhajar asali, ya ga ko adireshin farko, wato jerin harufa da lambobin da ake turo masa kuɗi ta kansu, ya yi daidai da wanda ya sani. Kalmomin na'urar ajiya ba a shigar da su a waya ko kwamfuta ko wani shafin intanet don gwaji, a jikin na'urar kawai ake shigar da su.

Kada ka tsaya a kan cewa walat ya karɓi kalmomin. A tsarin BIP39 kalmar ƙarshe tana ɗauke da ɗan lissafin tantancewa, amma ƙarami ne. A kalmomi 12, kuskure ɗaya cikin 16 yana wucewa ba a kama shi ba, a 24 kuma ɗaya cikin 256. In ya wuce, walat zai buɗe lafiya lau, sai dai wani ne dabam, fanko. Shaidar gaskiya ita ce adireshin ya zo ɗaya harafi da harafi, ko ka ga kuɗinka. Sai bayan haka za a ƙone takardar, a murtsuke tokar.

Wanda ya ƙara kalmar sirri a kan kalmominsa, wadda ake yi wa laƙabi da kalma ta 25, ya sani washar nan ba ta ɗauke da ita, kuma in babu ita kuɗin ba za su fito ba. Ita ma tana son nata ƙarfen, a wani wuri dabam. Ga tarkon: hatimai manyan baƙaƙe ne kawai, ita kuwa kalmar sirri tana bambanta babban baƙi da ƙarami, har tazarar da ke tsakanin kalmomi tana ƙirgawa. In da ƙananan baƙaƙe ka shigar da ita, sai ka sami hanyar nuna haka a jikin ƙarfen. Kuma ita ba a gajarta ta zuwa harufa huɗu.

Ɗaurewa da ajiya

Marar rubutu a farko, sai 00, sai 01 har ƙarshe, duk fuskokinsu na kallon gefe ɗaya, sai marar rubutu ta rufe. Matsewar nan ita ce ke kare rubutun, domin fuskar kowace washa tana manne da bayan 'yar'uwarta, wuta da ruwa gefuna kawai suke samu. Jameson Lopp, wani masanin tsaron Bitcoin wanda tun 2018 yake gwada irin waɗannan kayan ajiya da wutar gas da ruwan asid da injin matsa mai tan 20, ya nuna cewa masu ƙananan harufa da ake zurawa cikin layi su ne suka fi zubar da harufansu in ƙarfen ya lanƙwashe, waɗanda aka buga rubutun a jikin ƙarfen kuwa sun fi tsira.

Sitenles yana da wata ɗabi'a: in aka ɗaure noti da sauri a bushe, zaren yakan ciji juna ya kafe kamar an yi walda. Shafa ɗan giris, ka murɗa da hannu, ka ƙarasa da sifana a hankali har washa su daina juyawa. Noti na biyu a matse shi a kan na farko. A ɗiga jan farce a mahaɗar noti da bol, in wani ya kwance za ka ga ya tsage.

A nisanta shi da gishiri, da takin zamani, da ruwan batir, da ruwan bilic na wanki, domin sinadarin kulorin da asid suna cin sitenles. Mai binnewa ya sa shi cikin guntun bututun roba mai murfi biyu, kuma ya zaɓi wurin da ba za a yi gini ko haƙa ba. Kwafi biyu a gida biyu sun fi ɗaya, da sharaɗin kowane wurin ka yarda da shi, tunda kowane kwafi cikakken makulli ne. Raba kalmomi 12 gida biyu, shida nan shida can, dabara ce da ke cutar mai ita: rabi ɗaya ya ɓata, komai ya tafi, kuma wanda ya tsinci rabi ya rage wa kansa aikin lalube ƙwarai. Mai son rabawa ya yi amfani da SLIP39, wanda aka gina don a ce kashi biyu cikin uku sun isa, kowane kashi da nasa bol ɗin.

Dukiyar nan gado ce in mai ita ya rasu, kuma magada ba za su raba abin da ba su san da shi ba. Bol mai kama da tarkace yana iya ƙarewa a buhun 'yan gwangwan. A rubuta a wasiyya cewa akwai shi, da inda yake, da sunan walat ɗin, ba tare da kalmomin ba, a kuma gargaɗi magada kada su nuna wa kowa rubutun da sunan neman taimako.

Sau ɗaya a shekara, bayan damina, a duba jan farcen da gefunan washar. In gobara ta riga ta ci wurin, za a tarar da shi baƙi ƙirin, notin ya kafe. A bar shi ya huce da kansa, kada a yi ta dukansa. A yanke bol ɗin da zarton ƙarfe ta wajen notin, inda washa marar rubutu za ta karɓi karcewar, a zare su ɗaya bayan ɗaya ana jerawa. Baƙin da ya hau fuska ana cire shi da burushin waya mai laushi ko samfefa mai santsi, ba da asid ba. In harafi ya dushe, a shafa tawadar alƙalamin maka a kai a goge da tsumma, tawadar za ta zauna cikin ramin, sannan a haska tocila daga gefe.